Amanar Makarantar Ƙauye: Daga Bebeji Zuwa Doguwa

Duk wanda ya kama hanyar Zariya daga birnin Kano, ya ratsa ƙasar Bebeji, ya kai Kwanar Ɗangora a ƙasar Kiru, sa'an nan ya karya hagu ya nufi Tudun Wadan Ɗankadai, ya keta Dajin Falgore har ya faɗa ƙasar Doguwa, lalle zai ga abin da ya isa a yi wa Allah godiya. Da wuya ya wuce babban gari bai hangi ginin makaranta ba, da rufin kwano da filin wasa da sandar tuta. Kakanninmu ba su ga haka ba. Amma mu da aikinmu shi ne horad da malamai da zaga makarantu, tambaya ɗaya ce ke damunmu a kan waɗannan gine-gine: in yau aka shiga aka tarar ba a karatu, wa za a kama da laifi, kuma mene ne sunansa?

Bari mu ɗauki misali da abin da mutanen Bebeji suka sani sarai, watau madatsar ruwa. A zamanin Gwamna Audu Bako aka gina madatsar Bagauda, aka kuma gina ta Tiga a kan Kogin Kano, wadda aka gama a 1974. Ruwan Tiga shi ke shayad da gonakin rani na Kadawa da Kura, ya ci gaba da tafiya har ƙasar Haɗeja. Wannan madatsa tana da mai ita, watau Hukumar Raya Kogunan Haɗeja da Jama'are, da ma'aikatan da aikinsu ke nan su auna ruwa, su buɗe ƙofa, su rufe. A watan Agusta na 1988, bayan ruwan sama mai yawa, madatsar Bagauda ta ɓalle, ruwa ya ci gidaje da gonaki, kafin gari ya waye labari ya game ƙasa. Haka madatsa ta ke: ranar da ta karye kowa zai ji. Makaranta kuwa tana iya karyewa shekara goma ba wanda ya ji ƙara. Ana buga ƙararrawa da safe, ana jera yara, ana tashinsu da azahar. Sai ran da yaro ya gama aji shida, aka miƙa masa wasiƙar yayansa ya karanta wa mahaifiyarsa, ya tsaya yana juya takarda, ran nan ne iyaye za su gane an daɗe da cin amanarsu.

Dattawa suna yawan ce mana a zamanin En'e ba haka abin ya ke ba, kuma akwai ƙamshin gaskiya a maganarsu, ko da ya ke ba dukanta za mu haɗiye ba. Tun da Ɗan Hausa ya buɗe makarantarsa a Nasarawa ta Kano a 1909, har zuwa bayan samun mulkin kai, makarantun elementare kaɗan ne ƙwarai, kuma da yawa daga cikin yaran da ke cikinsu dole aka yi wa iyayensu. Mutane sun ɓoye 'ya'yansu a rumbu don gudun boko, wannan ba abin da za mu yi marmarin komawarsa ba ne. Amma akwai abu guda da tsarin nan ya mallaka. Hakimi ya san shi za a tambaya in yara suka ragu, shi kuma ya tambayi dagaci, dagaci ya tambayi mai unguwa, mai unguwa ya tsaya a ƙofar gidan uban yaro. Malami kuma a garin ya ke kwana, a masallacin garin ya ke salla, in ya makara kowa ya gan shi. Kowace amana tana da wuyan da aka rataya ta.

A 1976 abubuwa biyu suka zo tare: gyaran ƙananan hukumomi da ya maye gurbin En'e, da shirin ba kowane yaro ilmin firamare kyauta, wanda Janar Obasanjo ya buɗe. Makarantu suka yaɗu kamar wutar daji, aka ɗebi malamai da gaggawa. Daga baya aka sake sabon shiri a 1999, aka kafa masa doka a 2004, wadda ta ware kashi 2 cikin 100 na kuɗin shigar Gwamnatin Tarayya domin taimakon jihohi, bisa sharaɗin jiha ta kawo nata rabon. A nan Kano, Gwamna Abdullahi Umar Ganduje ya shelanta ilmi kyauta kuma dole a 2019, Gwamna Abba Kabir Yusuf kuma ya kafa dokar ta-ɓaci a kan ilmi a watan Yuni na 2024. Ba wanda zai ce hukuma ta yi shiru. Sai dai yanzu amanar makaranta guda ta rarrabu hannuwa da yawa: akwai hukumar Abuja, akwai Hukumar Ilmin Bai Ɗaya ta Jiha, akwai Sakataren Ilmi na ƙaramar hukuma, akwai hedimasta, akwai ɗan kwangilar da ya yi rufi. In iska ta yaye kwano, kowannensu yana da takardar da za ta nuna ba shi ba ne. Jama'ar gari kuma su tsaya daga nesa su ce ai kayan gwamnati ne, har awaki su mai da aji wurin kwana, wani kuma ya ɗauke benci ya kai shagonsa.

Wannan cuta ta fi tsanani inda aka fi nisa da birni. Ƙasar Doguwa tana iyaka da jihohin Kaduna da Bauchi, kuma akwai ƙauyukan da in damina ta kankama sai da babur, wani lokaci ma sai a ƙafa. A ce an ɗauki saurayi ɗan birni, sabon gama kwaleji, an tura shi can, ba gidan malamai, ba dangi, albashinsa kuma kuɗin mota ya cinye rabinsa. Me zai faru? Zai zo Talata ya koma Alhamis, sa'an nan ya shiga neman wanda zai yi masa hanya a mai da shi kusa da gida. Mun sha shiga makaranta a wannan yanki mu tarar da rajistar malamai cike da sa hannu tun daga Litinin har Juma'a, da biro ɗaya da hannu ɗaya, alhali mutum biyu ne kaɗai a harabar, suna fama da aji shida. Ba mu wanke wanda ya yi wannan ba, gama ya ci haram, kuma ya sani. Amma wanda ya tura shi bai tanadar masa makwanci ba, shi ma yana da kasonsa, haka kuma mai duba makarantu da ya karɓi rajistar a ofis bai taka ƙafa ya je ya ƙirga kawuna ba.

Iyaye ma sai mun gaya musu tasu. Ƙasar Tudun Wada da Doguwa ƙasar noma ce, ta masara da shinkafa, kuma mun san hannun yaro yana da amfani a gona. Ga haƙar kuza a duwatsun Riruwai, wadda tun kafin zuwan Turawa a ke yinta, tana jan samari da kuɗin hannu. Ga talla ranar kasuwa, wadda ta fi cin 'yan mata. Uban da ya janye ɗansa wata uku na damina, ba shi da bakin da zai zargi malami in yaron ya kasa. Amma kuma uba ba wawa ba ne. In ya aika yaro kwana biyar ya komo ba a koya masa kome ba, ran na shida gona zai tura shi, kuma da wuya a ce bai yi lissafi daidai ba. Malami ya ce yara ba su zuwa, uba ya ce malami ba ya zuwa, kowa ya sami hujja a jikin ɗan'uwansa.

To, ina mafita? Akwai kwamitin kula da makaranta da aka umarta a kafa a kowace firamare, wanda ya ƙunshi mai gari da liman da wakilan mata da na iyaye da tsofaffin ɗalibai da hedimasta. A wurare da yawa sunansa kawai ke cikin fayil. Amma inda ya ke da rai, mun ga abin mamaki: an yi gayya an ɗaga katangar da ta zube, mata sun bi gida gida sun komo da 'yan matan da suka daina zuwa, an ba baƙon malami ɗaki a gidan mai unguwa. Abin da ya bambanta waɗannan garuruwa da sauran, kusan kullum, mutum guda ne da ya ɗauki abin a kansa, kuma kowa ya san shi ne.

Saboda haka shawararmu ga Sakatarorin Ilmi na waɗannan ƙananan hukumomi huɗu ita ce, kada rajistar malamai ta bar gari sai dagaci ko shugaban kwamiti ya sa mata hannu kowace Juma'a, a gaban hedimasta. A kuma rubuta sunayen malaman makaranta a allo a kafa a bakin ƙofa, don duk mai wucewa ya san mutum nawa gwamnati ke biya a wurin. Wannan ba ya cin ko kwabo.

Wanda ya fi wannan nauyi a wuyanmu ya ke, mu na kwalejojin horad da malamai. Tun da aka daina ba da takardar malanta mai daraja ta biyu, aka mai da takardar kwalejin ilmi ita ce mafi ƙanƙantar shaidar koyarwa, hanyar zama malami ta yi wa ɗan ƙauye tsawo, musamman 'ya mace da iyayenta ba za su bar ta ta zauna birni shekara uku ba sai da amintaccen masauki. Muna roƙon hakiman Bebeji da Kiru da Tudun Wada da Doguwa, su sa kowane dagaci ya zaɓo daga cikin waɗanda suka gama sakandare a garinsa, namiji da mace, ƙaramar hukuma ta ɗauki nauyin karatunsu, a yi yarjejeniya a rubuce a gaban iyayensu cewa in sun gama za su koyar a garin nan shekarun da aka ƙayyade. Mu kuma alhakinmu ne mu riƙa bin sawunsu har cikin aji a lokacin gwajin koyarwa, ko da a bayan Falgore makarantar ta ke. Sunayen nan ya kamata su iso ofishin Sakataren Ilmi kafin a fara sayad da takardun shiga kwaleji na shekara mai zuwa.