Horon kwikwiyo: sarƙa da bulala ba su yin karen gadi

Kwanakin baya wani Alhaji mai sayar da shinkafa da man girki a Birnin Ƙonni ya tare ni ina fitowa daga gidan rediyo, ransa a ɓace. Karen da ya ajiye a mangazarsa ya ciji wani yaro ɗan dako a ƙwauri, da rana tsaka, gaban masu ciniki. Ya biya kuɗin allura, ya ba iyayen yaron haƙuri, amma har yanzu 'yan dako suna ɗari-ɗari da ƙofarsa. Abin takaicin kuwa, wannan karen ne dai ɓarayi suka jefa wa nama da damina, ya ci ya yi shiru, suka yi awon gaba da kaya.

Da na tambaye shi yadda ya reni karen, sai ya ce kamar yadda kowa ke yi: tun yana kwikwiyo aka ɗaure shi da sarƙa a lungu, ba ya ganin kowa, ana rage masa abinci, wani lokaci a zuba masa barkono a tuwo wai don ya yi zafi. To jama'a, abin da muke kira zafi a nan tsoro ne. Kare mai tsoro ba ya bambanta ɓarawo da almajiri, kare mai yunwa kuma duk wanda ya zo da tsoka shi ne ubangidansa.

Likitocin dabbobi sun nuna cewa halin kare yana kafuwa ne tsakanin sati 3 zuwa sati 12 ko 14 da haihuwa. Kada a raba shi da uwarsa kafin sati 8. Da ya zo hannunka, bari ya saba da abin da zai rayu cikinsa: ƙarar babura da manyan motoci, masu amalanke, jakuna, yara, mata masu talla. A dai nisanta shi da karnukan bola har sai an yi masa allura.

Kalmomi uku sun isa a farko: zo, zauna, bari. Minti 5 ne, sau biyu ko uku a yini, kafin ya ci abinci, da ɗan ƙuli-ƙuli ko guntun kilishi marar yaji a aljihu. Ka kira sunansa ka ce «zo», da ya iso ka ba shi nan take, domin in ka jinkirta ba zai san ladar me ya samu ba. Don ya zauna, ka ɗaga ƙuli-ƙulin bisa hancinsa ka ja baya kaɗan. Kansa zai bi, gindinsa ya kai ƙasa, sai ka ce «zauna» ka ba shi. Kuma yaran shago duka su riƙe kalma guda. In wannan ya yi masa Hausa, wancan Faransanci, wani kuma fito, kwikwiyo ruɗewa zai yi. Babban kuskure shi ne ka kira shi ya zo sannan ka doke shi kan laifin da ya yi ɗazu. Gobe ko ka kira ba zai zo ba, kuma da gaskiyarsa.

«Bari» ita ce kalmar da ta fi yi wa ɗan kasuwa amfani, ita ke tsayar da kare in ya nufi baƙo ko ya ga abinci a ƙasa. Ka dunƙule nama a hannu, ya sansana ya lasa, kada ka buɗe. Da ya ja da baya sai ka yaba masa, ka ba shi wani da ɗaya hannun. Bayan kwanaki ka riƙa ajiye naman a ƙasa. A ciyar da shi a kwano guda, wuri guda, daga hannun mutum ɗaya ko biyu. Duk da haka ba zan ce maka wannan zai hana shi cin naman guba ɗari bisa ɗari ba, shi ya sa da dare cikin katanga ya kamata ya kwana, ba bakin hanya ba. Aikinsa ya yi haushi ya tada mai gadi.

Masu albasar Galmi da masu goro su kula: albasa, ɗanya ko dafaffiya, tana lalata jinin kare, goro ma cutar da shi yake yi. Dafaffen ƙashin kaza kuwa tsagewa yake ya huda hanji.

Sai maganar haukan kare. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa ciwon yana kashe mutane kusan 59,000 a shekara, galibi a Afirka da Asiya, kuma kusan duka ta cizon kare ne. Da kwikwiyo ya cika wata 3 a kai shi ma'aikatar kiwo a yi masa rigakafi, a riƙa sabuntawa kowace shekara, a adana takardar tare da takardun shago. In ya ciji mutum, a wanke wurin da ruwa da sabulu har minti 15, a wuce asibiti a ranar, domin da alamun ciwon sun bayyana babu sauran magani.