Gidan Renon Kifi A Fadamar Itas

A yammacin Amurka da Kanada akwai wani kifi da ake kira salmon. Yakan zuba ƙwai cikin tsakuwar ƙoramu masu sanyi, 'ya'yan su tasa su gangara teku, bayan 'yan shekaru su komo inda aka ƙyanƙyashe su. Da madatsun ruwa da saran itatuwa suka ɓata ƙoramun, sai kifin ya ragu ƙwarai. A can makarantu da yawa sun sa hannu a gyara. Yara kan reni ƙwai cikin tanki a aji, su saki 'ya'yan a ƙorama, su dasa itatuwa a gaɓa domin inuwa ta sanyaya ruwan.

Babu salmon a Itas ta Jihar Bauchi, amma masuncin can ya san wannan zance. Kogin Jama'are, wanda ya taso daga tsaunukan Jos ya ratsa ƙasar Katagum, idan damina ta yi nisa sai ya malala cikin fadamu. Tarwaɗa da karfasa su bi ruwan su hayayyafa cikin ciyawa. Nan ne gidan renon, watau ruwa marar zurfi mai abinci da maɓoya.

Maƙwabta sun ga abin da ke faruwa in aka taɓa wannan tsari. Bayan gina madatsar Tiga a 1974 da ta Challawa a 1992, malalar kogin Haɗeja ta ragu, ciyawar kacalla ta toshe hanyoyin ruwa wajen Haɗeja da Nguru, masunta suka sha wuya. Madatsar Kafin Zaki kuwa, da aka daɗe ana shirin yi a kogin Jama'are, ba a gama ta ba, saboda haka har yanzu kogin yana malala.

To, ɓarnar da ta fi kusa ta hannu ce. Masu jan gidan sauro a maimakon koma suna kwashe 'ya'yan kifi tun ba su kai ɗan yatsa ba, ga masu zuba guba.

Nan makarantun Itas ke da aiki. Idan ruwa ya janye da kaka, ƙananan kifaye kan maƙale a kududdufan da za su ƙafe. 'Yan makaranta da bokiti, tare da malami da Sarkin Ruwa, suna iya mai da su kogi, su share bakin magudanu, su dasa giyayya a gaɓa. Sai dai ruwan kwance gidan tsargiya ne, tilas hukumar makaranta ta tanadi takalman roba kafin yaro ya tsoma ƙafa.