Ladubban Rubutu a Kan Sirrin Ɗaki

Duk wanda ya taɓa cin kasuwar Maigatari ranar Alhamis, ya ratsa kara inda ake cinikin shanu da raƙuman da aka koro daga ƙasar Nijar, ya gangara wajen 'yan koli, ba zai rasa jin amsa-kuwwar mai maganin ƙarfin maza ba, yana zayyana aikin kwalbarsa da lafazin da kan sa dattijo ya sunkuyar da kai, alhali kwalbar nan, in ka ɗauka ka jujjuya ta, babu sunan abin da aka haɗa a jikinta, babu adadin da za a sha, balle ranar lalacewa. Na mata kuwa ba ya bukatar shela, domin dillaliya ce kan shiga da shi har tsakar gida, tsimi a jarka, gumba da matsi a ƙullin leda.

Wanda ya saya, in zuciyarsa ta raya masa shakka, da wuya ya tafi asibiti a Gumel ya buɗe baki gaban likita. Wayarsa zai tambaya cikin dare. Cikin wuraren da wayar kan kai shi akwai Wikipedia, kundin nan da aka fara a 2001, wanda yake da sashen Hausa, kuma kowa na da ikon rubutawa a ciki ko ya gyara abin da wani ya rubuta. To, tun da hannu da yawa ne ke riƙe da alƙalami guda, kuma kuskure a wannan babi jikin mutum yake taɓawa, wajibi ne marubutan su yi ittifaƙi a kan ƙa'idojin da za su bi.

Abu na farko shi ne lafazi, kuma malaman fiƙihu sun riga sun share mana hanya. Ibn Abi Zaid Alƙairawani, wanda ya rasu a shekarar 386 ta Hijira, ya bambanta maniyyi da maziyyi da wadiyyi a cikin Risala, ya siffanta kowanne yadda mai karatu zai gane shi a jikinsa. Na zauna a zaure ina yaro, na ga ɗalibi mai gemu yana biya wannan babi, malam na fassarawa kalma bayan kalma, ba wanda ya murmusa, ba wanda ya kau da kai, saboda an kira kowane abu da sunansa na ilimi, ba a ƙawata ba, ba a kuma yi zaurance ba. Haka ya kamata kundi ya yi: a ce farji, a ce zakari, a ce jima'i. Kalmar batsa tana korar mai kamun kai, habaici irin su "can wajen" kuwa yana barin mai jinya cikin duhu, kuma a ganina illar habaicin ta fi girma, don kuwa shi ne ke sanye da rigar ladabi.

Sai maganar isnadi. Ma'abota hadisi ba su karɓi ruwaya ba sai sun san wanda ya ji daga wa, suka kuma auna kowane mai ruwaya da ma'aunin jarahi da ta'adili. Saboda haka "an ce" da "masana sun tabbatar" ba su da mazauni a shafin da ya shafi lafiya. In marubuci ya ce an sha samun sinadarin sildenafil, wato na Viagra, ɓoye cikin magungunan da ake tallatawa da sunan tsantsar itatuwa, sai ya nuna hukumar da ta gwada, ya kuma ƙara abin da zai ceci rai: cewa haɗa shi da wasu magungunan ciwon zuciya na iya rushe bugun jini har mutum ya faɗi, kuma miƙewar gaba da ta wuce awa 4 ta asibiti ce nan take. In ya ambaci lambar NAFDAC, hukumar da aka kafa a 1993, ya bayyana cewa lambar da ake bai wa maganin gargajiya shaida ce ta gwajin rashin cutarwa, ba shaidar cewa yana aikin da mai talla ya faɗa ba. Haka nan goron Tula: a faɗi abin da jama'a suka yi imani da shi a matsayin imani, abin da aka gwada a matsayin gwaji, kada a cakuɗa. Matsin da aka haɗa da kanwa ko wani abu mai ƙuna kuwa, likitocin mata a Nijeriya sun rubuta yadda yake ƙona farji ya bar tabon da ke toshe shi, kuma wannan gargaɗi a saman shafi ya kamata ya zauna, ba a ƙarshensa ba.

Akwai wani babi da ya fi nauyi a baki, amma shiru a kansa ya fi haɗari. Matasa na ganin abubuwa a finafinan waya su kwaikwaya a ɗakin aure, har da shaƙe wuya, wanda kan hana jini isa ƙwaƙwalwa cikin 'yan daƙiƙoƙi. Aikin kundi a nan shi ne ya faɗi ƙarara cewa babu yadda za a yi wannan cikin aminci, ya kuma kafa kowane bayani a kan yardar miji da mata duka biyu, yardar da kowannensu ke da ikon janyewa. Kada kuma a kawo labarin wani ko wata a matsayin misali, ko da an sakaya suna, domin a gari irin Gagarawa ko Sule Tankarkar siffa kaɗan ta isa a gane mutum, ga shi kuma shari'a ta yi hani mai tsanani ga yaɗa sirrin shimfiɗa.

Batun rubutu kansa gajere ne. A bi daidaitacciyar Hausa irin wadda jaridar Gaskiya Ta Fi Kwabo ta yaɗa tun 1939 a hannun Abubakar Imam, a sa ƙugiya inda take, a rubuta adadi da lamba. Amma da yake mai karatu na iya kasancewa a tsallaken iyaka, ta wajen Damagaram, inda tsiro guda kan amsa wani suna dabam, sai a kawo sunayen biyu tare da na kimiyya, kada a sha wani a madadin wani. In saɓani ya taso tsakanin marubuta, a kai shi shafin tattaunawa, a nemi ungozoma ko malamin asibiti ya duba, a kuma cire lambar wayar kowane mai talla da ya saƙala ta cikin bayani.