Almakashin da ke Nuna Inda Zare Ya Warware

A layin masu atamfa na Babbar Kasuwar Yamai, wadda aka sake ginawa bayan gobarar 1982, mai shago ba ya buɗe duk turamen da ya mallaka. Yawancinsu a ninke suke, an jera su har rufi. Wanda mai saye ya nuna shi ake saukowa da shi a baje. Ko ba ka tambayi kowa ba, in ka leƙa shagon da la'asar za ka gane zanen da ake yayi: shi ne ke warware a kan teburi.

Haka tantanin jiki yake yi da DNA. Tsawon wanda ke cikin tantani guda na mutum ya kusa mita 2, ga shi kuwa cibiyar da ke riƙe da shi ido ba ya ganinta. Sai an naɗe shi a jikin furotin da ake kira histon, guda 8 a dunƙule, kamar zare a jikin kwarkwaro. Kowane dunƙule yana ɗaukar harufan DNA kimanin 147, sai ɗan zare tsirara, sai dunƙule na gaba. Wannan haɗin ne ake kira kuromatin.

To, yaya ake gane inda ya matse da inda ya saki? Da almakashi. Akwai sinadaran enzayim masu yanka DNA, amma ba sa iya cizon abin da ke naɗe. Mai bincike yakan ware cibiyoyin tantani, ya raba su a ƙananan kwalabe, ya ɗiga enzayim kaɗan a ta farko, ya yi ta ƙarawa har ta ƙarshe. Bayan 'yan mintuna sai ya tsayar da yankan, ya tace DNA, ya zuba a kan jel ya sa lantarki. Ƙananan guntaye su yi gaba, manya su tsaya baya. A 1973 Hewish da Burgoyne, a Ostireliya, suka yi irin wannan da hantar ɓera, maimakon dagwalo sai suka ga layuka a jere kamar matakalar tsani. A tsakanin dunƙule da dunƙule kawai almakashin yake samun wurin ci.

Gwajin da ya fi burge ni shi ne na Harold Weintraub da Mark Groudine a 1976. Jinin kaza suka ɗauka, domin jajayen ƙwayoyin jinin tsuntsu suna da cibiya, namu kuwa ba su da ita. Da suka sa enzayim mai suna DNase I, ƙwayoyin gadon da ke ƙera himoglobin suka daddatse nan da nan. A tantanin ƙwaƙwalwar kazar kuwa, inda babu ruwansu da himoglobin, suka tsira. Rubutun ɗaya ne, ninkin ne ya bambanta.

Aikin yana buƙatar hannu irin na mai zuba gishiri a miya. In enzayim ya yi yawa, ya cinye buɗaɗɗe da rufaffe. Wasu enzayim kuma suna da harufan da suka fi son yanka, shi ya sa ake gwada su a kan DNA tsirara don kwatanci.

Ga inda maganar ta shigo gidajenmu. Jariri yana zuwa duniya da wani himoglobin na daban, wanda ba ya lanƙwashe ƙwayar jini, shi ya sa sikila ba ta cika nuna kanta a watannin farko ba. Daga baya wata ƙwayar gado mai suna BCL11A ke kashe shi. A 2013 ɗakin binciken Stuart Orkin a Boston ya bi sawun DNase I, ya gano wurare 3 a buɗe a cikin BCL11A, a tantanin da ke haifar da jajayen ƙwayoyin jini. Ɗaya daga cikinsu ne maganin sikila mai suna Casgevy ke yanka, don himoglobin na jarirai ya dawo. Birtaniya ta amince da shi a Nuwamban 2023, Amurka a Disamba, inda aka sa masa farashin dala miliyan 2.2 ga majiyyaci ɗaya. A cibiyar kula da masu sikila ta ƙasa da ke Yamai kuwa, har yanzu maganin ciwo, rigakafin cututtuka da ƙarin jini ne abin dogaro.