Wayar da ke saurin ɗaukewa: me ke gaskiya cikin maganganun da ake yi?

Ranar kasuwa a Wara ko Yelwa, in ka tsaya rumfar masu gyaran waya za ka ji koke ɗaya yana ta maimaituwa: "Malam, duba min, ina cikin karanta saƙo sai ta ɗauke." Mai sana'ar POS da ke jiran shigowar kuɗi yana fama da wannan matsala, haka ɗalibin da ke bitar JAMB a kwamfuta, haka dillalin kifin da ke lissafi da abokin cinikinsa. Kowa kuma da nasa bayanin. Wasu bayanan na da ƙamshin gaskiya, wasu kuwa asarar kuɗi kawai suke jawo wa talaka.

Kafin komai sai a rarrabe abu biyu. In fuskar waya ta yi duhu, ka danna maɓallin gefe ta dawo nan take inda ka tsaya, barci ta yi, kuma da gangan aka ƙera ta haka, domin hasken fuska na cikin abubuwan da suka fi shan batir. In kuwa sai ta sake tashi daga farko, tambarin Tecno ko itel ko Samsung ya bayyana, to mutuwa ta yi, kuma wannan ciwo ne daban.

Maganar da ta fi cutar da mutane ita ce wai bairos ne ya shiga, sai an yi fulashin. A mafi yawan lokuta ƙarya ce. Wayar Android tana da wurin da ake zaɓar tsawon jiranta kafin ta rufe fuska, galibi daga daƙiƙa 15 zuwa minti 10 ko 30. Shiga setin, nemi sashen fuska da haske, za ka ga layin da aka rubuta daƙiƙoƙi ko mintuna. Sau da yawa yaro ne ya taɓa shi yana wasa, ko tun daga kanti a kan daƙiƙa 15 yake. Mayar da shi minti 2, shi ke nan. Duba kuma ko tsarin tattalin batir a kunne yake, domin a wasu wayoyi yana rage lokacin da kansa. A iPhone, da zarar an kunna shi fuska na rufewa bayan daƙiƙa 30, kuma ba za ka iya canzawa ba sai ka kashe shi. Abin da ke ba ni takaici shi ne fulashin na share hotuna da lambobi da saƙonnin murya, har da bayanan bashin da ɗan kasuwa ke bin mutane. Bayan haka wayar na iya neman kalmar sirrin Google da aka fara saka mata, alhali mutane da yawa a shago aka buɗe musu adireshin, ba su taɓa riƙe kalmar ba. Sai waya mai lafiya ta koma kulle.

Akwai masu ɗora laifin kan rashin haɗa layi da lambar NIN. Gaskiya ne tun Disamba 2020 hukumar NCC ta umarci a haɗa, kuma an toshe layuka masu yawa. Amma toshe layi kira da data yake hanawa, ba ruwansa da hasken fuska. Raunin sabis a tsakiyar tafki ma ba ya sa waya barci, sai dai yana cinye caji, domin wayar na ta ƙoƙarin kamo turken sadarwa mai nisa.

Maganar cewa zafi na sa waya ɗaukewa kuwa gaskiya ce tsantsa. Kamfanin Apple ya ce a yi amfani da wayarsa tsakanin digiri 0 zuwa 35, mu kuwa a Maris da Afrilu zafin ƙasar Yawuri kan haura 40. Masunci ya ɗaure wayarsa cikin leda don tsoron ruwa, ya ajiye ta a buɗaɗɗen kwalekwale rana na dukanta tun hantsi. Ledar ta tare ruwa, amma ta riƙe zafi. Wayar za ta dusashe haskenta, ta ƙi caji, ko ta kashe kanta don kare batir. A sa ledar cikin tsumma ko ƙarƙashin benci inda akwai inuwa. Masu cewa a jefa waya firji ta huce su daina: raɓar da za ta taru a cikinta ta fi zafin ɓarna.

To wai kamfanoni ne ke kashe tsohuwar waya don a sayi sabuwa? Nan akwai tushe. A ƙarshen 2017 Apple ya amsa cewa yana rage saurin tsofaffin iPhone masu gajiyayyen batir don kada su riƙa mutuwa ba zato, kuma a Fabrairun 2020 Faransa ta ci shi tarar Yuro miliyan 25 saboda bai sanar da masu saye ba. Sai dai ko a can, asalin ciwon batir ne. Batirin litiyam yana tsufa da yawan caji, zafi da jabun caja kuma na gaggauta tsufan. Wayar da ke nuna kashi 30 sannan ta mutu farat ɗaya, batir take nema. In bayanta ya fara kumbura, a daina caji a kai ta a canza batirin, domin yana iya kamawa da wuta.

Wani abu da ba a cika sani ba: a saman fuska, kusa da inda ake kara kunne, akwai 'yar na'ura mai kashe haske idan ka kai waya kunne. Gilashin kariya da aka manna a karkace, ko ƙurar hunturu da ta taru a wurin, kan sa ta ɗauka kunne na nan kullum, sai fuska ta ƙi dawowa lokacin kira ko sauraron saƙon murya a WhatsApp. Goge wurin, ko ɓare gilashin ka gwada. Rigar waya mai murfi da maganaɗisu ma na iya yin haka.

Kwamfutar cinya ma kusan haka take. A Windows, sashen wuta da barci yana da lokaci biyu, ɗaya na kan batir, ɗaya na kan caja. Shi ya sa ake cewa "da an ɗauke wuta sai ta kwanta": ta koma lokacin batir ne, wanda ya fi gajarta, sai a ƙara shi. Tana kuma gane an rufe murfinta ta hanyar maganaɗisu, don haka waya ko lasifika da aka ɗora a gefen madannai na iya sa ta barci nan take. In kuma fankarta na kuka, gindinta ya yi zafi sannan ta mutu, a sauke ta daga kan katifa ko darduma, a kai ta a hure ƙurar da ta toshe ƙofofin iska. Yawancin kwamfutocin da ke hannun ɗalibanmu na gwanjo ne, batirinsu ya riga ya sha aiki, saboda haka in tana mutuwa da zarar an zare caja, kuɗin sabon batir za a nema, ba na sake ɗora Windows ba.