Ƙaryar Da Ta Yi Maka Daɗi Ta Fi Wuyar Kamawa

Da can, labarin da ya taso daga Shagari sai ya jira motar da za ta shiga Sakkwato. A tasha a tambayi mai shi, a Boɗinga a sake tambayarsa, kafin ya kai birni ya sha "kai ka gani da idonka?" har ya gaji. Yau kuwa, direba bai gama lodi ba saƙon murya ya riga ya wuce Tambuwal da Jega, ya isa wajen 'yan ci-raninmu a Legas da Fatakwal. Masu tambaya a hanya sun ƙare. Mai tace labari ɗaya ya rage, shi ne wanda ke riƙe da wayar, kuma yawancinmu mun ajiye wannan aiki muna jiran wani ya yi mana.

Mu fara da gida. A Sifawa, cikin ƙaramar hukumar Boɗinga ta yau, Shehu Usmanu Ɗanfodiyo ya zauna daga wajen 1810 zuwa 1815, bayan faɗuwar Alƙalawa a 1808, ƙanensa Malam Abdullahi kuma yana nan kusa da shi a Boɗinga. A waɗannan shekaru wani zance ya game ƙasa, wai Shehu shi ne Mahadin da ake jira. Zancen bai rasa abin jingina ba. An shiga ƙarni na 13 na Hijira, jama'a da yawa na ganin ƙarshen zamani ya matso, ga kuma malamin da ya taso daga wa'azi a ƙauyuka ya ga bayan sarautar Gobir. Masu yaɗa maganar masoyansa ne. Da ya ja bakinsa ya yi shiru, da ta ƙara masa mabiya da kwarjini, kuma babu mai cewa ya yi ƙarya tunda ba daga bakinsa ta fito ba.

Bai yi shirun ba. A 1814 ya rubuta littafin Tahzirul Ikhwan ya musanta zancen ƙarara. Yadda ya musanta ɗin ne abin lura. Bai ce a yarda da shi don shi ne Shehu ba. Siffofin Mahadi da suka zo a ruwayoyi ya kawo, ya gwada su da kansa, ya nuna ba su dace ba, har da batun mahaifa, domin shi a Maratta aka haife shi, ba a Madina ba. Wato ya miƙa wa almajiransa ma'aunin da ko bayan ransa za su iya auna duk wanda ya zo musu da irin wannan da'awa. Ƙaryata abin da ya ɓata maka suna kowa na iyawa. Ƙaryata abin da ya ɗaga ka, a lokacin da kake kan ganiyar nasara, wannan sai namijin gaske.

Yanzu mu dubi kanmu. Sau nawa aka ce an kashe ɗan bindiga Bello Turji, ko an kama shi? Duk ranar da irin wannan saƙo ya shigo, zauruka sukan cika da kabbara da "Alhamdu lillahi", a tura wa yaya a tura wa ƙane, bayan 'yan kwanaki kuma a gan shi a bidiyo yana magana. Babu mai zargin wanda aka kore daga gonarsa don ya yi fatan labarin ya tabbata. Amma fata daban, labari daban. Wanda ya gaskata na iya komawa hanyar da ya daina bi, ko ya kwana a ƙauyen da ya kamata ya bari. Ɓarna ta biyu ta fi wannan daɗewa: idan aka ruɗi mutane sau biyar, ran da gargaɗin gaskiya ya zo sai su ce irin na kullum ne.

Mutanen Shagari kuma suna da nasu abin tunawa. A farkon mulkin Alhaji Shehu Shagari ƙasa ta ɗauki zancen cewa naira biliyan 2.8 na kuɗin mai sun yi ɓatan dabo daga asusun kamfanin mai na ƙasa. Jaridu suka ɗauka, ɗalibai suka fito zanga-zanga. A 1980 Shagari ya kafa kwamitin bincike ƙarƙashin Mai Shari'a Ayo Irikefe, kwamitin ya zauna ya saurari shaidu, ya ce bai ga inda waɗannan kuɗi suka ɓace ba. Ɗaya daga cikin fitattun da suka fi kwarmata maganar, da aka nemi majiyarsa, cewa ya yi a motar haya ya ji. Duk da haka zancen bai mutu ba. Sama da shekara talatin bayan nan ana ta tono shi duk lokacin zaɓe, don wanda bai son gwamnati ko bai son wani ɗan takara, labarin ya yi masa daɗi a baki. Ban ce ba a sata a gwamnati ba, ana yi har a yi gaba da buhu. Sai dai ƙazafin da ba hujja ɓarayin gaske yake taimaka wa, domin da shi suke fakewa su ce ai duka sharri ne.

Hausawa na cewa ƙarya fure take, ba ta 'ya'ya. Wanda ya ga abin da ya biyo bayan 2003 zai yi wa wannan karin magana gyara. A shekarar ce zance ya bazu a Arewa cewa an zuba wa ɗigon rigakafin shan-inna maganin hana haihuwa, wasu ma suka ce da ƙwayar ƙanjamau. Jihar Kano ta dakatar da rigakafin a 2003, ba ta koma ba sai ƙarshen Yuli na 2004, bayan an kawo wani maganin rigakafin daga Indunusiya. Jita-jitar ba ta tsaya a iyakar Kano ba, ta shiga gidajenmu na nan Sakkwato, uwaye suna ɓoye yara a ɗaka in sun ji masu ɗigo sun shigo unguwa. Yaran da cutar ta kama a Nijeriya suka tashi daga 202 a 2002 zuwa sama da 1,100 a 2006, ta kuma tsallaka zuwa ƙasashe kusan 20, har Yaman da ita Indunusiyar kanta. Waɗannan yara yanzu samari ne da 'yan mata, wasunsu muna ganinsu a kan kekunan guragu a bakin kasuwa.

A nan ya kamata a yi wa iyayen adalci, domin ba wauta ce ta sa suka yarda ba. A 1996, lokacin annobar sanƙarau, kamfanin Pfizer ya gwada maganin Trovan a Kano cikin wani gwaji da ya ƙunshi yara 200, 11 daga cikinsu suka rasu, rigimar ba ta lafa ba sai 2009 da kamfanin ya amince ya biya dala miliyan 75 a sulhunsa da jihar Kano. Wanda maciji ya taɓa sara, in ya ga tsumma sai ya gudu. Haka ƙarya mai ƙarfi take aiki: takan samu ciwo na gaskiya ta hau kansa. Shi ya sa "ai sun taɓa yi" ba ya zama hujjar "yanzu ma sun yi". Abin da ya warware matsalar a ƙarshe shi ne shigowar mutanen da jama'a ta sani ta kuma amince da su. A 2009 sarakunan Arewa suka kafa kwamiti a ƙarƙashin jagorancin Sarkin Musulmi Muhammad Sa'ad Abubakar III, hakimai da dagatai suka riƙa ɗiga wa 'ya'yansu a bainar jama'a. Ranar 25 ga Agusta, 2020, aka tabbatar nahiyar Afirka ta rabu da asalin ƙwayar cutar.

Labarin ruwan gishiri kuwa kowa ya tuna. A watan Agusta na 2014 aka tashi mutane da tsakar dare, wai a yi wanka da ruwan gishiri a kuma sha don kariya daga Ebola. Aƙalla mutum biyu suka mutu, wasu da dama suka kwanta asibiti. Ita Ebolar ba ta taɓa zuwa Arewa ba, a Legas da Fatakwal ta tsaya.

Mafi muni ita ce ƙaryar da ake liƙa wa mutum. Ranar 27 ga Maris, 2025, a garin Uromi na jihar Edo, aka tare mafarauta 'yan Arewa da suka taso daga Fatakwal za su gida sallah. An ga bindigogin farauta a motar, wani ya ce masu garkuwa da mutane ne, taro ya haɗu, aka kashe mutum 16. Mun yi fushi, kuma fushinmu na kan hanya. To amma mu tambayi kanmu tsakani da Allah, a kasuwanninmu idan wani ya nuna baƙo ya ce "infoma ne", mutum nawa ke tsayawa su ce ina shaida? Kalma ɗaya ce, tana iya fitowa daga bakin wanda ake bi bashi, ko abokin rigimar gona, ko wanda aka kasa a neman aure.

Ga yadda abin yake faruwa a zahiri. Bayan isha'i an zagaye teburin mai shayi, wani dattijo ya ƙure ƙarar waya ya ajiye ta kusa da gwangwanin madara. Murya ce ta wani da ba a sani ba, yana haki, yana rantsuwa: an gan su da babura sun fi ɗari, sun nufo yamma, duk wanda ya ji ya tura don Allah. Bai faɗi sunansa ba, bai faɗi garin ba, bai faɗi ranar ba. Wani saurayi ya ce, "Baba, wane ne mai maganar?" Dattijo ya ce, "Kai yaro, ni ma turo min aka yi. Alhajin da ya turo kuwa ba ya ƙarya." Shi ke nan an rufe bakin yaro, kafin a shanye shayi saƙon ya shiga zauruka huɗu. Gaskiya ne Alhaji ba ya ƙarya, amma shi ma turo masa aka yi. Kowa a jerin mutumin kirki ne, na farkon ne kawai ba wanda ya sani, kuma amincin Alhaji ne aka ara aka lulluɓe shi da shi.

"Ni ma turo min aka yi" ba ta wanke kowa a addini. Aya ta 6 a Suratul Hujurat umarni ce a binciki labari kafin a yi aiki da shi, don kada a cuci mutane bisa jahilci a dawo ana nadama. Malaman tafsiri sun kawo cewa ta sauka ne kan rahoton da aka kawo cewa Banu Musɗaliƙ sun hana zakka, alhali ba su hana ba, har aka kusa ɗaura musu yaƙi. Imam Muslim kuma, tun a gabatarwar littafinsa, ya kawo hadisin da ke nuna cewa faɗin duk abin da mutum ya ji ya ishe shi zama maƙaryaci. Al'ummar da malamanta suka ƙi karɓar hadisi sai sun san wa ya ji daga wa, abin kunya ne a ce ita ce ke karɓar muryar da ba ta da suna.

Binciken ba ya buƙatar digiri. Saƙon da ya ce wani abu ya faru a Yabo ko Tureta, kana da ɗan'uwa ko abokin ciniki a can, kira shi, kuɗin kiran bai kai na kofin shayi ba. Tambaye shi ko ya gani, ko shi ma ji ya yi. Duba saman saƙon: WhatsApp na sa alamar kibiya a kan abin da aka turo, kibiya biyu kuwa na nufin ya bi hannaye da yawa, ka ƙara yin hattara. Hoto da bidiyo ma yanzu ba abin dogaro ba ne su kaɗai, don ana ɗauko na wata ƙasa ko na shekarun baya a ce na jiya ne, ana kuma iya haɗa muryar malami ko gwamna da ƙirƙirarriyar basira ya faɗi abin da bai taɓa faɗa ba. Maganar ganin wata, jira sanarwar Fadar Sarkin Musulmi a rediyo. Sanarwar tallafi da aka ce ka latsa wani shuɗin rubutu ka sa lambar BVN da lambar sirrin katinka, wannan ɓarawo ne, babu hukumar da ke neman lambar sirri. Akwai kuma masu aikin tantance labarai irin su Dubawa da Africa Check, ga wanda ke iya leƙawa. Idan babba ne ya kawo labarin, akwai ladabin tambaya: "Allah gafarta Malam, a ina aka samo shi, don in an tambaye ni in san abin faɗa?" Malamin kirki ba zai ji haushi ba.

Sai dai duk waɗannan ba sa amfani idan zuciya ta riga ta yanke hukunci. Labarin da ya zagi jam'iyyarka ko malaminka, kai da kanka za ka nemi hujja, ba sai an ce maka ba. Wanda ya zagi na wancan ɓangaren, ko ya tabbatar da abin da ka daɗe kana zargin wata ƙabila da shi, shi ne yatsa ke saurin turawa. Don haka duk saƙon da ka ji ya faranta maka rai ƙwarai, ko ya tayar maka da hankali har kana jin in ba ka tura yanzu ba ka yi laifi, to shi ne ya fi cancantar ka ajiye wayar tukuna. Masu ƙirƙirarsa sun san inda ke maka ƙaiƙayi.

A sani kuma akwai doka. Sashe na 24 na dokar laifukan intanet ta 2015, wadda aka yi wa gyara a 2024, ya tanadi ɗaurin da zai iya kai shekara 3, ko tarar da za ta iya kai naira miliyan 7, ko duka biyun, ga wanda ya yaɗa saƙon da ya san ƙarya ne don tayar da hankalin jama'a ko jefa rayuwa cikin haɗari.

Kai kuma da ka riga ka tura, daga baya ka gane ba haka ba ne, kada ka goge saƙon ka yi shiru kamar ba kai ba. Koma zauren da ka tura shi, da sunanka, ka ce jama'a abin nan da na turo na bincika, ba gaskiya ba ne, wanda ya tura gaba shi ma ya gyara.