Dauɗa a Jikin Sabon Harsashi: Daga Ina Take, Me Take Yi wa Bindiga?

A Amurka, inda farar hula ke sayen harsasai a shago a yawancin jihohi, akwai ƙorafin da ake yawan ji a filayen atisayen harbi. Mutum ya buɗe sabon kwali mai harsasai 50 na milimita 9, sai ya tarar kwanson yana maiƙo, ko da ɗigo-ɗigon baƙi, ko wani gari-gari da ke kama yatsa. Nan take zuciyarsa ta raya masa cewa fistol ɗinsa zai cije ranar da ya fi bukatarsa. Tsoron yana da tushe, amma yawanci ba inda ake zato matsalar take ba.

Ana ƙera kwanson harsashi da tagulla mai kashi 70 na jan ƙarfe da kashi 30 na tutiya. Inji ne ke matsa ɗan faifan ƙarfen yana miƙa shi mataki-mataki har ya zama kwanso, kuma kowane mataki sai an shafa mai, in ba haka ba ƙarfen ya yage. A tsakani ana gasa shi don ya yi laushi, a wanke, a busar, a goge. In wankin bai fita ba, mai ya saura. In busarwar ba ta kai ba, ruwa ya bar tabo. In ba a kakkaɓe da kyau ba, ƙurar guga ta maƙale a tsagin gindi.

Akwai kuma abin da aka sa da gangan. Jan ko koren zoben da ake gani kewaye da makunnin gindin kwanso fenti ne na hana danshi shiga, haka ma baƙin abu mai kama da kwalta a bakin wasu harsasan soja. Kwanson baƙin ƙarfe irin na kamfanonin Tula da Barnaul na Rasha kuwa dole a lulluɓe shi da fenti ko roba, don kada tsatsa ta ci shi. Shi kuma ƙaramin harsashin .22, dalmarsa ce ake shafa wa kaki, shi ya sa yake danƙo a hannu.

Dalilai biyu ne suka sa maganar ta yi ƙarfi daga 2020. Na farko kasuwa. A shekarar, hukumar FBI ta gudanar da binciken cancantar mallakar bindiga kusan sau miliyan 40, shagunan harsasai suka zama wayam. Ana cikin haka kamfanin Remington ya durƙushe a watan Yuli, aka sayar wa kamfanin Vista Outdoor masana'antar harsasansa ta Lonoke da ke jihar Arkansas. A watan Agustan 2021 kuma gwamnatin Amurka ta sanar da hana bayar da sabon izinin shigo da harsasan Rasha, masu saye suka koma kan kayan ƙasashen da ba su saba da su ba. Idan injuna na gudu dare da rana, wanki da guga ne suka fi fuskantar gaggawa, domin ƙa'idojin SAAMI, ƙungiyar da ke tsara ma'aunin masana'antar tun 1926, sun shafi girman harsashi da matsinsa da gudunsa ne, ba sheƙinsa ba.

Na biyu sababbin idanu. Ƙungiyar masu sana'ar, NSSF, ta ƙiyasta cewa mutum miliyan 8.4 ne suka sayi bindiga karon farko a 2020. Wanda bai taɓa ganin fentin hana danshi ba, dauɗa zai kira shi. Ke nan wani ɓangare na ƙorafin rashin sabo ne, ba lalacewar kaya ba.

Ta fuskar aiki, tabo da dusashewar launi ba sa hana komai. Maiƙo ne abin dubawa. Lokacin harbi, matsin da ke cikin kwanson milimita 9 kan kai fam 35,000 a kowane murabba'in inci. Wannan matsi ke buɗa tagullar ta kama bangon mazauninta a cikin bindiga, ta toshe hayaƙi, sannan ta saki a fizgo ta waje. Mai a jikin kwanso yana rage wannan kamun, ya ƙara nauyin da ke dukan bayan mazaunin. Ya kuma haɗu da toka da ƙura ya zama kitse-kitse a mazauni da cikin magazin, har harsashi ya ƙi hawa ko kwanso ya ƙi fita. Ba a harbin farko ake ganin wannan ba, taruwa yake yi. An daɗe ana zargin fentin kwanson baƙin ƙarfe da narkewa, alhali babban laifin na ƙarfen ne: ba ya buɗewa kamar tagulla, sai hayaƙi ya zagayo ya ɓata mazaunin.

Abin da ya kamata ya tayar da hankali shi ne kore-kore mai cin jikin ƙarfe, ko tsaga a bakin kwanso, domin alama ce ta danshi ko sinadari. Sojojin Birtaniya a Indiya sun ga haka: harsasan da suka ajiye a bargar dawaki da damina suka riƙa tsagewa, sai a 1921 aka gano amoniyar fitsarin dawaki ce ke raunana tagullar.

A nan ne masu gyara ke faɗawa rami. Wani ya goge harsasansa da man goge tagulla mai amoniya, wani ya fesa musu mai ratsa tsatsa wanda kan iya kaiwa ga makunni ya kashe shi. Garin neman gira a rasa ido. Busasshen tsumma ya isa ga ragowar mai da ƙura. Wanda ya tsage ko ya yi kore kuwa ba a harba shi. A duba lambar rukuni da ke jikin kwalin a sanar da kamfani, domin da ita ake bin sawun kaya a janye su daga kasuwa.

Idan aka auna, dauɗar kanta ba kasafai take hana fistol tashi ba. Amfaninta shi ne shaida ce kan yadda aka kammala aiki da yadda aka adana kaya, kuma 'yan sanda da sauran masu dogaro da harsashi don kare rai suna da hujjar ƙin karɓar rukunin da ya zo da ita har sai an gwada shi.